Ɗakin Kara Ya Sha Tayil: Inda Kuɗin Gyaran Gida Ke Tafiya a Katsina

Kirarin garin nan dai yana nan yadda aka gada, Katsina ta Dikko ɗakin kara. Amma wanda ya samu bene ya hau a Rafindadi ko wajen Ƙofar Soro ya dubi saman gidaje, kara ba ya cikin abin da zai gani. Ko zankwaye da indararo, waɗanda shekara talatin baya su ne fuskar cikin birni, sai ya ƙura ido zai tsinci ɗaya nan, ɗaya can. Abin da ya cika sama yanzu kwano ne mai launi, ja da shuɗi da ruwan ƙasa, da baƙin tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe, sai farantan sola suna shan rana. Hasumiyar Gobarau ce ta rage tsaye da jar ƙasarta, kamar tsohuwar da jikoki suka kewaye ranar Salla, kowa da irin ɗinkinsa.

Yawancin waɗannan kaya a kan tsofaffin gidaje aka ɗora su, domin Bakatsine mai matsakaicin ƙarfi ya jingine zancen sabon gini ya koma gyara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dalar da hukuma ke bayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta zarce 1,500 a shekarar da ta biyo. Buhun siminti mai kilo 50, da ake samu tsakanin naira 4,000 da 5,000, ya taɓa 10,000 har ya gota a farkon 2024, sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka ce a mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Mai shago a Katsina kuwa ba takardar zama yake dubawa ba, kuɗin motar da ta ɗauko masa kaya daga Sakkwato ko Obajana yake lissafawa. Ka ɗora wannan a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, sai ka ga a farashin 10,000 albashin wata buhu bakwai ne. Buhu bakwai ba ya tayar da ɗaki ɗaya daga tushe zuwa linta.

Shi ya sa filotin da aka saya a Dandagoro ko hanyar Jibiya yake zaune da fandisho, ciyawa na fitowa tana bushewa a kansa, maigida kuma ya juyo ya dubi gidan da yake ciki. Gyara yana da wani sauƙi da gini ba shi da shi, ana yin sa guntu-guntu. Bana banɗaki, baɗi rufi. A kwashi adashi a sayi tayil a jingine a zaure, a jira kaka a sayar da 'yan buhunan gero da wake sannan a kira mai aiki. Wanda ya yi ritaya garatuti ya fito, shi ne kan rushe rabin gida a lokaci guda. Akwai bashin gyaran gida na bankin lamunin gidaje na tarayya, wanda ma'aikatan da ake cire wa kashi 2.5 na albashi suke da damar nema, amma ya daɗe a kan naira miliyan ɗaya, kuɗin buhu ɗari ke nan na siminti, ga shi da yawa suna gudunsa saboda kuɗin ruwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda jerin buƙatu ya juye. A da in aka ce wane ya gyara gida, fuskar gidan ake nufi, ya shafe gaba da siminti, ya yi fenti, ya sa ƙyauren ƙarfe. Yau kaso mai tsoka yana tafiya ne wajen sayen abin da hukuma ta saba bayarwa. Maigida ya zama NEPA a gidansa, ya zama gidan ruwa, wani lokacin har mai gadi. Sauran kuɗin, wanda ake kashewa don ido, shi kuma yawancinsa ƙara wa gidan zafi yake da ƙishirwa. Sai ka tarar da gida ɗaya, aljihu ɗaya, amma rabin gyaran yana yaƙi da ɗaya rabin.

A fara da wuta. Har zuwa 'yan shekarun nan, sola ta asibiti ce da masallaci da fitilar titi. Tsadar mai ce ta fara tura ta cikin gida, don ƙaramin janaretan da ake tayarwa bayan magariba a kashe ƙarfe goma sha ɗaya ya fi ƙarfin albashi. Sai duhun watan Oktoban 2024 ya ƙarasa aikin. Ɓarayin ƙarfe da 'yan bindiga sun riga sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, aka koma dogaro da na Ugwuaji zuwa Apir, shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako ba su ga wuta ba. Kamfanin KEDCO, mai rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ya rasa abin da zai raba. Wanda kuma yake kan layin Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa a rana, tun Afrilun 2024 aka ɗaga masa yunit daga kimanin naira 68 zuwa 225, kafin a ɗan sassauta. A jihar da aka kafa injinan iska 37 a Lambar Rimi don samar da megawat 10, aikin ya ci fiye da shekara goma yana jan ƙafa, ba mai ganin laifin wanda ya ɗora faranti a rufinsa.

Sayen sola hawa-hawa ne. Ana farawa da fanka mai caji da ɗan faranti guda da ake jinginawa a tsakar gida. Daga nan sai inbata da batir biyu masu ruwa. Mai hali ya tsallaka zuwa batirin litiyam, wanda kuɗinsa ke tayar da hankali ranar saye amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. A tsakiyar nan ake yawan tafka asara, don mai sayarwa yakan tambayi nawa ke hannunka, bai cika tambayar me da me za ka kunna ba. Fankar sama irin ta da tana cin wat 60 zuwa 75, guda huɗu a dare ɗaya sun isa su tsotse batir biyu kafin asuba, balle a haɗa da firiza. Sannan batir mai ruwa ba ya shiri da zafi. Abin da masu sana'ar suka sani shi ne, duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa gida biyu, mu kuwa sai mu kai shi sito marar taga a ƙarƙashin kwano mu kulle, in ya mutu da wuri mu ce jabu aka sayar mana. Farantin ma yana son wanki, musamman da hunturu, amma wa zai hau rufin zamani mai tsini da bokiti a hannu? Duk da haka, cikin gyare-gyaren nan kaf, sola ce na ga kwalliyarta tana biyan kuɗin sabulu, kuma sau da yawa ta hannun uwargida. Firiza ɗaya mai ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, a azumin 'yan shekarun nan da ya faɗo cikin bazara, ba ƙaramin shago ba ne.

Ruwa na bin baya. Dam ɗin Ajiwa tun shekarun 1970 yake shayar da birni, lokacin da garin bai yi nisa da ganuwa ba. An daɗe ana dakon ruwan Zobe daga Dutsinma, an ma ƙaddamar da wani ɓangare na aikin, amma gari ya riga ya tsere wa bututu, unguwanni da yawa ba su san famfo ba sai kurar 'yan garuwa. Don haka wanda ya samu sarari sai ya kira masu haƙar bohol, ya zura injin sumo mai turo ruwa daga cikin ramin, ya kafa tanki, yanzu ma ya haɗa da faranti biyu ko uku da za su ɗaga ruwan da rana ba tare da batir ba. Wannan haɗin na ƙarshe dabara ce mai kyau, don tankin shi ne ma'ajiya. Da yawa kuma sukan fito da kan famfo ɗaya waje don maƙwabta, al'adar da nake fata kada tsada ta kashe ta.

Inda ake tuntuɓe biyu ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 2,000 tan biyu ke nan, amma sai ka ga an ɗora shi a kan siririn ƙarfen da mai walda ya haɗa da ido, ko a kan tsohon banɗakin da ba a zuba masa rodi don wannan kaya ba. Na biyun ya fi muni don ba a ganinsa. Masana lafiya kan so a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin bahaya. A cikin birni, inda gida gaba ɗayansa bai kai mita 15 ba, bohol ɗinka da sokawen maƙwabcinka katanga ce kawai ta raba su. Mai haƙa na kirki yakan toshe saman ramin da siminti don kada ruwan sama-sama ya gangara, mai gaggawa kuma ya zura bututu ya karɓi kuɗinsa.

Ruwan nan kuwa banɗaki ke shanye shi. In akwai gyara ɗaya da ya shiga kusan kowane gida, to shi ne shigar da banɗaki cikin ɗaki. Masai guda a ƙarshen gida, wanda mata uku da yaransu ke layi a kansa da asuba, ya zama abin da amarya ba ta yarda da shi, uwargida kuma ta ce in an yi wa waccan sai an yi mata. Ga tsofaffi masu ciwon gwiwa da tsuguno ya gagara, ana sa musu na zama. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya, ban ga abin musu a ciki ba. Sai dai lissafin da ba a yi tun farko shi ne, korar bahaya sau ɗaya tana cin lita 6 zuwa 9, jarkar ɗan garuwa ba ta wuce kora uku ko huɗu. Gidan da buta biyu ke isarsa ya koma mai shan kura guda. Ga gidaje nan da aka ƙawata banɗakinsu da tayil har sama, da shaya da abin wanke hannu, amma bokiti ne ke aiki, don ba a taɓa samun ruwan da zai hau bututun ba.

Rabon gado ma babban magini ne a garin nan, ko da yake ba a lissafa shi. Maigida ya rasu, magada goma sha biyu, ba mai kuɗin da zai sayi kason sauran, sai a ja igiya a yanka gida. Kowa ya tayar da katanga, ya fasa ƙofarsa, ya matsa ciki da falo da kicin da banɗaki a cikin abin da a da ɗaki da rumfa ne. Wanda ba zai zauna ba ya mayar da nasa na haya, kuma masu nema ba su yankewa. Hanyar Dutsinma kaɗai tana ɗauke da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman da ta horon malamai ta tarayya, ga iyalan da rashin tsaro ya taso daga Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa. Kowane sabon ɗaki daga tsakar gida ake yanko shi. Zaure kuma, inda malam ke karatu da almajirai, inda baƙo ke tsayawa a yi masa iso, an fasa shi ta waje an sa ƙofar shago ko an faɗaɗa shi mota ta shiga. Ba na zargin kowa, shagon zaure yana ciyar da gida. Amma tsakar gida ita ce huhun gidan Bahaushe, a nan ake girki da shanya da suna da zaman makoki, a nan ake shimfiɗa tabarma a kwana da bazara. In ta koma lungu mai faɗin kafaɗa biyu, to barcin ya koma ɗaki, ɗakin kuma sai da fanka.

Tayil da silin ɗin fi'ofi aure ne ke sayar da su. Kafin 'yan jere su zo, dangin amarya sukan turo a ga ɗaki, kuma abin da suka gani shi za a tattauna a gidan biki. Ɗaɓen siminti da leda, wanda iyayenmu suka yi murna da shi, yanzu abin a yi ƙus-ƙus ne. Ango da bai gama haɗa lefe ba sai ya ranto ya sa tayil mai sheƙi, a yi masa fi'ofi mai hawa biyu da ƙananan fitilu masu launi, a shafe bango sumul kafin fenti. Tayil dai ba laifi, yana da sanyi a ƙafa, yana da sauƙin goge ƙurar hunturu, samuwar wanda ake yi a Ajakuta da jihar Ogun kuma ta sa ya sauko inda talaka zai taɓa, ba sai na Sifen ko Italiya ba. Illarsa ɗaya da ake rainawa ita ce santsi. Mai sheƙin nan da ake sawa har banɗaki da baranda, a gidan da ake alwala sau biyar kuma akwai tsohuwa, karaya yake jira. Mai kaushi ba ya ɗaukar ido a hoto, shi ya sa yake kwantai a shago.

Yanzu ga inda maganar take, wato rufi. Soron ƙasa, wanda kakanninmu suka bari, bangonsa na tubali daga ƙasa yakan kai rabin mita ko ya fi, samansa azara ce ta giginya da aka jera aka danne da ƙasa mai kauri. Zafin rana yakan yi sa'o'i yana ratsa wannan kauri, kafin ya iso ciki rana ta faɗi. Da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da Katsina ke wuce digiri 40, cikin soro ke da daɗin zama, da dare in bango ya fara amayar da zafinsa sai a fito tsakar gida. Gini ne da aka yi shi daidai da yadda ake rayuwa a cikinsa. Ba zan yi wa soro waƙa ba. Duk wanda ya taɓa tashi tsakar dare a watan Agusta yana jera kwanuka a ƙarƙashin yoyo, ko ya ga yadda ake neman kuɗin yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ya san abin da ya kori mutane daga gare shi. Giginya ma ta yi ƙaranci, azara mai kyau sai an tona.

Amma a dubi abin da ya maye gurbinsa. Bulo mai rami, inci 6 ko 9, wanda rana ke ratsawa tun kafin la'asar. Kwano wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, kuma aka zaɓo masa launi mai duhu don shi ake yayi, alhali launuka masu duhu irin su baƙi da ja mai duhu su suka fi shan zafi. A ƙarƙashinsa aka rufe da fi'ofi ko silin ɗin roba ba a bar ko huda ɗaya ba. Tsakanin kwano da silin ya zama tanda, tana gasa ɗaki daga sama har tsakar dare. Rufin nan mai tsini da muka kwaso daga Abuja da Kudu, an yi shi ne don ƙasar da ake ruwa wata takwas, mu kuwa daminarmu wata huɗu ce da kyar. Yana cin katako da kwano fiye da kima. Abin haushin shi ne, tsayin nasa da zai zama alheri in da an bar masa kafofin da iska mai zafi za ta fita, amma kafinta ya like ko'ina don kada ƙura da jemage su shiga, maigida kuma ya yaba masa da iya aiki. Tsohon salon da ake ɓoye kwano a bayan katanga ma yana da amfanin da aka manta, katangar tana kare bakin kwano daga iskar farkon damina. Rufin da aka bar bakinsa a waje, in ba a ɗaure katakonsa da ƙarfe a jikin linta ba, shi ne ake tsinta a gidan maƙwabta bayan hadarin farko.

Taga ma haka. Tsohuwar luba mai gilashi jere-jere tana buɗewa gaba ɗayanta. Ta alminiyam mai turawa gefe, wadda ta cika gari, ko ka buɗe ta iya buɗewa rabin ramin ne kawai ke shan iska. An zaɓe ta don ta fi tare ƙura kuma ta fi kyan gani, wannan gaskiya ne, amma ƙura wata uku ce, zafi kuwa ya fi haka. Daga nan sai maigida ya ce ɗaki ba ya zaunuwa, a sa esi. Esi mai doki ɗaya yana cin wutar fanka goma ko fiye, sai a ƙara faranti, a ƙara batir, a canja inbata. Kuɗin da aka kashe aka kira zafi, an sake kashe ninkinsa don a kore shi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Maganin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, shi ya sa ba ya kasuwa. Kwano mai haske. Kafofin iska a ƙarƙashin baki da can sama, a sa musu raga. Shimfiɗar nan mai ƙyalli da ake sawa a ƙarƙashin kwano tana mayar da zafi. Rumfa ko baranda a bangon yamma, wanda ranar la'asar ke duka. Taga biyu masu kallon juna maimakon ɗaya babba. Duka-duka ba su kai kuɗin esi da batirin da zai ɗauke shi ba, amma ba wanda zai zo ganin ɗaki ya ce kai, wannan huda ta yi kyau.

Akwai kuma masu tsohon ginin ƙasa da ba su da ƙarfin rushewa, sai su yi masa riga da siminti. Wannan na gani da idona a gidanmu na gado. Muka haɗa kuɗi aka kafa ƙusoshi da waya a bango, aka yi filasta, aka yi fenti, gida ya fito kamar sabo, har ana tsayawa ana yi mana barka. Damina ta uku, in ka ƙwanƙwasa bangon sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Ƙasa tana shan danshi tana kuma fitar da shi, siminti kuwa ya hana ta numfashi. Ruwan da ya shiga ta tsaga ko ya taso daga tushe sai ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin tubali a ɓoye, waje kuma fes. Wata safiya faifan filasta mai tsayin mutum ya ɓallo ya faɗo cikin lungu, Allah Ya sa ba yaro a wurin. Maginan da suka san ƙasa da abin da ya dace da ita suke shafe ta, makuba daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 yana nan tsaye ya haura shekara ɗari. Amma marina ta mutu a yawancin unguwanni, katsi ya tafi da ita, yaran magina kuma sun koma birkiloli. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne sababbin tituna da magudanu, waɗanda sau da yawa sukan fi dokin ƙofar tsofaffin gidaje tudu. Gidan da ruwansa ke fita lungu shekara hamsin, yanzu na lungu ne ke shigo masa. Mai irin wannan gida, ɗaga dokin ƙofa da gyaran hanyar ruwa da ɗaure gindin bango sun fi masa fenti amfani, ko da ba mai yi masa barka a kansu.

Tsakar gidan da ta tsira daga rabon gado kuma intalok ke cinye ta. Ana so a huta da shara da caɓi, sai a shimfiɗe ko'ina, a sare bedin da ke tsakiya, wanda Kanawa ke kira darbejiya, wai saiwarsa tana tayar da dutse kuma ganyensa na ɓata wuri. Bishiyar da ta yi shekara ashirin tana ba da inuwa kyauta ta tafi a wuni ɗaya, siminti ya sha rana ya yi ta huci har bayan isha'i, ruwan saman da ƙasa ke shanyewa ya kwarara waje ya haɗu da na sauran gidaje. Ko rabin filin aka bari da yashi da bishiya ɗaya, da an rage.

Na tsaro ba sai an tsawaita ba, kowa ya san abin da ya kawo shi. Katanga ta ƙara tsawo, an ɗora mata waya mai reza, get ya zama na ƙarfe marar huda, wasu har da kyamara da ake kallo ta waya. Tun sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa a watan Mayun 2019, masu hali da dama suka rage zaman waje, cikin gari kuma ga 'yan daban da ake kira ƙauraye da masu ƙwacen waya. Dakali, wanda a da ba a gama gida sai da shi, yanzu wasu fasa shi suke don kada a taru musu a ƙofa. Abu ɗaya kawai zan ce a nan, ƙarfen tagar da aka yi wa walda ta ko'ina, wanda ɓarawo ba zai shiga ba, mai gida ma ba zai fita ba ranar gobara. Taga ɗaya mai ƙarfe da ke buɗewa da makulli daga ciki ba ta da tsada. Gobarar kuwa tana da hanya, tunda ana ɗora firiza da esi da hita a kan wayarin da aka ja tun ana kunna ƙwai uku da rediyo. Masu gyara gidajen rukunin Shagari da sauran na wancan zamani kuma su kula da tsohon silin ɗin asbestos, ƙurarsa tana illa ga huhu, a jiƙa shi a cire da lallami, kada a bar yara lebura su farfasa shi da guduma.

Duk wannan aiki yana da lokacinsa, kuma ina ganin lokacin yana da hannu a irin zaɓin da ake yi. Ba a taɓa rufi da damina. Kuɗi kuma sai kaka ta yi, bukukuwa sai a jera su kafin azumi. Saboda haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tifofin yashi ke toshe lunguna, motoci ke sauke tayil da kwano daga Ƙofar Ruwa ta Kano, masu fi'ofi ke kwana a gidajen da ba a gama ba. A watannin nan Katsina sanyi take, ana ƙona kara da asuba ana jin ɗumi, ƙura ta rufe gari. Maigida yana tsaye da rigar sanyi da hula har kunne, kafinta yana sama yana tambayarsa ko a bar 'yar kafa a ƙarƙashin kwano don iska. Ya ɗaga kai, iskar hunturu ta watsa masa ƙasa a ido, ya ce a'a malam, like ko'ina, kada ka bar ko ta allura.